Girkin tele da girkin madafa: me ke jan matasan Damagaram zuwa aikin shef, kuma me ke jiran su a can?

Shin abin da muke kallo a shirye-shiryen gasar girki shi ne aikin da ake yi a madafar gidan abinci? In yaro ya zo ya ce shi shef yake so ya zama, murna za a taya shi ko nasiha za a yi masa? Tambayar ta shigo gidanmu a hutun lekol da ya wuce, ranar da ɗan yayata, wanda bai daɗe da cin jarrabawar BEPC ba, ya same ni bayan isha'i ya durƙusa ya ce, "Kawu, ni fa girki nake son koya, irin na restoran." Mahaifiyarsa ta ɗauka wasa ne. Kakarsa ta ce namiji da wuta sai in mahauci ne ko mai shayi. Ni kuwa na san inda ya samo sha'awar, don wayarsa cike take da guntayen bidiyo na mutane masu fararen riguna suna yanka albasa kamar walƙiya, agogo na bugawa a bango, alƙalai uku na jiran faranti.

Ba shi kaɗai ba ne. A fada wajen shan shayi, a ɗakin amare, a rukunonin WhatsApp na matan unguwa, maganar girki ta zama maganar sana'a da suna. Wasu na ganin ci gaba ne, wasu na cewa kallon kitse ake yi wa rogo. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, amma an fi yin gardamar ba tare da an leƙa cikin madafar kanta ba.

Mai girki, kuku da shef: kalmomi uku da ake cakuɗawa

Mu da muka yi lekol da Faransanci mun san kalmar shef tun kafin tele. Shugaba take nufi, kamar yadda ake cewa shef na ma'aikata ko na kanto. Shef na madafa shi ne shugaban masu girki: shi ke tsara abin da za a dafa, ya lissafa kuɗin cefane, ya raba aiki, ya ɗanɗana kafin a fitar, kuma shi ake kamawa in abu ya lalace. Matsayi ne na shugabanci. Mutum na iya fin kowa daɗin hannu a unguwa bai zama shef ba, kamar yadda iya tuƙin mota bai mayar da direba shugaban tasha.

Tsarin da manyan gidajen abinci na duniya ke bi an fi jingina shi ga wani Bafaranshe, Auguste Escoffier, wanda ya yi wa sojojin Faransa girki a yaƙinsu da Jamusawa na 1870, daga baya ya riƙe madafar otal ɗin Savoy na Landan daga 1890. Ya raba madafa kashi-kashi kamar rundunar soja: mai miya daban, mai gashi daban, mai kifi, mai kayan lambu, mai burodi da gato, a ƙarƙashinsu mataimaka, sai 'yan koyo, sai can ƙasa masu wanke-wanke. Sunan da ya ba tsarin ma na soja ne, birgad. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci dalilin da ya sa a tele ake amsa wa shugaba da ƙarfi kamar a fareti.

Kuku kuwa kalma ce da ta zo da Nasara. Damagaram ce hedikwatar mulkin mallaka har zuwa 1926 da aka mayar da ita Yamai, kuma gidajen Turawa na lokacin suna da kuku da boyi. Tun daga nan namiji mai girki ya samu tabo biyu a idon jama'a: ko dai bara ne a gidan wani, ko kuma a haɗa shi da 'yan daudu masu sayar da abinci a tasha. Abin da kakar yaron nan ke gudu ke nan, ko da ba ta furta ba. Sai dai a lura, maza sun daɗe suna sana'ar wuta a garin nan ba wanda ya ce musu kanzil: mai tsire, mai balangu, mai kilishi, mai shayi da ƙwai, mai gasa burodi. Tukunyar miya da muciya kawai aka ware wa mata.

Rabon aiki irin na Escoffier ma ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya shiga bayan gidan biki a Birni ko Zango ya ga birgad da idonsa. Akwai dattijuwar da ake kira musamman don ta tsaya kan girki, ita ke auna hatsi, ita ke cewa gishiri ya ji. Akwai masu ƙarfin damtse da ke tuƙa tuwo a tukunyar da yaro zai iya ɓuya a ciki, akwai masu miya, masu kwasa, masu rabo da suka san kwanon kowane gida, da 'yan mata masu wanke-wanke. Mata goma sha biyar su ciyar da ɗaruruwan mutane kafin la'asar, ba takarda ba agogo. Wannan dattijuwa shef ce a cikakkiyar ma'anar kalmar, farar hula ce kawai ba ta da ita.

Yadda girki ya shiga tele, ya koma gasa

Shirin girki iri biyu ne, kuma rashin bambance su na daga cikin abin da ke rikita mutane. Na farko na koyarwa ne: mutum ɗaya ya tsaya gaban tukunya yana nuna maka yadda ake yi. Julia Child ta yi suna da irinsa a Amurka tun 1963. A ƙasar Hausa, tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 tana da Akushi da Rufi, kuma duk azumi kamfanonin dunƙule kan ɗauki nauyin shirye-shiryen buɗa-baki. Wannan bai tayar wa kowa da hankali ba, domin ya yi kama da abin da uwa ke yi da 'yarta.

Na biyu shi ne gasa, kuma shi ya canza komai. MasterChef ya fara a BBC a 1990, aka sake masa fasali a 2005, sannan aka riƙa sayar da tsarinsa ƙasa-ƙasa. Top Chef ya fito a Amurka a 2006, tashar M6 ta Faransa ta kawo nata a 2010. Gordon Ramsay ya shahara da shirye-shiryen da yake zazzaga wa masu girki masifa, Faransawa kuma suka yi irin nasu da Philippe Etchebest daga 2011, inda yake shiga gidajen abincin da ke neman durƙushewa. Gidajen tele na son irin waɗannan shirye-shirye saboda dalilai masu sauƙi. Masu talla na rububinsu, tunda kayan da ake tallatawa suna kan tebur a gaban kyamara. Iyali duka na iya zama su kalla ba a ji kunyar surukai ba. Kuma ba sai ka ji yaren ba kafin ka gane miya ta ƙone, an kori wani yana kuka.

A nan garin sun fara shigowa ta parabol, a gidajen masu hali. Wayar hannu ce ta kai su ko'ina, a yanke gutsi-gutsi na minti ɗaya a TikTok da Facebook. Sannan aka samu fuskokin da suka yi kama da namu. Mory Sacko, haifaffen Faransa da iyayensa suka fito daga Afirka ta Yamma, ya shiga Top Chef a 2020, ya buɗe gidan abincinsa MoSuke a Paris a shekarar, ya samu tauraron Michelin, lambar yabo da ake ba fitattun gidajen abinci, a farkon 2021. A watan Mayun 2023 Hilda Baci ta kwana huɗu tana girki a Legas, kundin bajinta na duniya na Guinness ya tabbatar mata da awa 93 da minti 11, ko da yake wani ɗan ƙasar Ailan ya zarce ta kafin shekarar ta ƙare. Yarinyar da ke Garin Malam ta ga mace baƙar fata ta yi suna a duniya da ludayi a hannu. Wa zai ce mata kada ta yi sha'awa?

Abin da kyamara ke yankewa

A gasa, mutum na dafa faranti ɗaya ko uku, sau ɗaya, da kayan da aka jere masa a wanke, ruwa na zuba daga famfo, wuta na kamawa da taɓa maɓalli. Abin da ake gwadawa shi ne dabara da sabon tunani. A gidan abinci abin da ake nema kusan kishiyar haka ne: miyar yau ta zo daidai da ta jiya, ta jiya daidai da ta bara, domin direban da ya saba tsayawa wurinka ɗanɗanon da ya sani ya dawo nema. Kwano na ɗari da hamsin ya fita da zafi kamar na farko. Ranar da kake zazzaɓi ma haka.

Na kai ɗan yayata wurin wata Hajiya da ke da gidan abinci kusa da tasha, ƙawar mahaifiyarmu ce, ta fi shekara ashirin a sana'ar. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ɗana, gobe ka zo kafin kiran assalatu, ka zo da tsohuwar riga." Na raka shi ranar farko, don haka abin da zan faɗa na gani ne.

Aikin farko ba shi da alaƙa da wuƙa. Ruwa ne. Duk ɗan Damagaram ya san abin da ruwa yake a garin nan da ke zaune kan dutse, ana janyo masa ruwa daga nesa, daga su Gogo da Arunguza da Ganaram. Ranar famfo bai kawo ba, sai Hajiya ta tsaya bakin ƙofa cikin duhu tana tare 'yan garuwa, tana ciniki kan kowane bido, tana lissafin na dafuwa, na wankin kwanuka, na wanke hannun masu ci. Kafin gari ya waye an kafa tukwane biyar a kan murhu. Tana da kwalbar gaz, kuma tun da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a 2011 gaz ya ƙara yawa a gari, amma ta ajiye shi don suya da ɗumame. Babbar tukunyar tuwo da ta wake sai itace. Hayaƙi ya cika rumfar har yaron ya fita waje yana sharar hawaye, matan da ke ciki kuwa ko tari ba su yi ba. Sabo ne, amma sabo bai hana huhu lalacewa. Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gidaje na kashe mutane kimanin miliyan 3 duk shekara, kuma matar da ke sana'ar abinci tana shaƙar na gida goma.

Daga nan sai tsintar shinkafa, gyaran wake, jajjage, fere, kai markaɗe inji, dawowa. Wata yarinya ta zauna gaban kwandon albasa tun hantsi ba ta tashi ba sai da ya ƙare. Mai tuƙa tuwo ta ɗaure ƙugu da ɗankwali, ta kafa ƙafa ɗaya jikin murhu, tana juya muciya da duk jikinta, tururi na dukan fuskarta. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin gari ke haura digiri 40 a inuwa, ka ƙiyasta yadda bakin wannan murhu yake. Da azahar ta yi, mota biyu suka sauke fasinja a lokaci guda, sai wurin ya rikice: wannan na son shinkafa da wake da mai da yaji, wancan tuwo miyar kuka ban da nama, wani dambu, wani ya ce an ba shi tsoka ɗaya alhali biyu ya biya. Hajiya na zaune a kujerarta da jakar kuɗi a cinya, idonta na kan kowane ludayi da aka ɗebo. Yaron namu yana bayan rumfa, hannunsa cikin ruwan sabulu tun safe, kwanuka na zuwa masa kamar ba za su ƙare ba. Da la'asar na ga yatsunsa sun yi fari sun tattare, ga ƙuna a bayan hannu inda gefen tukunya ya lashe shi. Ko cokali bai riƙe ba a ranar.

Akwai kuma abin da ya fi wuta cin mai gidan abinci, wato lissafi. Mu ɗauki misali kawai: kana sayar da kwano dala ɗari, sefa 500 ke nan, ka dafa na mutum 100. In an saye duka ka tashi da jikka 50. Cire shinkafa, mai, nama, kayan miya, itace, ruwa, hayar wuri, sallamar ma'aikata da abincinsu. Abin da ya rage ba ya da yawa. To in kwano goma suka kwana, jikka biyar ta tafi, mai yiwuwa ita ce ribar ranar gaba ɗaya. In ka ce firigo zai cece ka, sai an bar kuran. Mun ga yadda ta kasance bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da Najeriya ta yanke lantarkin da take ba ƙasar nan aka kuma rufe iyaka: nama na lalacewa, kayan da ake shigowa da su daga Kano suka yi tashin gwauron zabi, mai abinci kuwa ba ta isa ta ƙara kuɗin kwano yadda kasuwa ta ƙara mata ba, don masu cinikinta 'yan kabu-kabu ne da leburori. Ga littafin bashi, wanda kowace mai abinci ke da shi, kuma rabinsa ba a biya. Hajiya ta ce da ni, "Ɗan nan, girki ai kowace mace ta iya. Sanin mudu nawa za ka zuba ranar Alhamis ta Kasuwar Dole, nawa za ka zuba ranar da gari ya yi tsit, shi ne sana'ar."

Ban taɓa ganin shirin gasa da aka ba mutum maki don ya san mudu nawa zai zuba ba.

Tsawa da haƙƙin ma'aikaci

Maganar tsawar nan ce ta fi damuna. Shirye-shiryen da suka fi yawo a waya su ne waɗanda shugaba ke daka wa na ƙasa tsawa, ya jefar da faranti, ya kira shi jaki. Masu shirya su sun san faɗa ke tara 'yan kallo. Matsalar ita ce matashin da ya buɗe ɗan wurin sayar da shawarma ko soyayyen dankali ya ɗauka haka ƙwarewa take. Na taɓa zama a wani sabon restoran a cikin gari, mai wurin saurayi ne da farar riga mai maɓallai biyu-biyu, ya zagi wata yarinya mai kawo abinci a gabanmu saboda ta ɗora cokali a hagu. Ta sunkuyar da kai tana cewa "Yi haƙuri, mai gida." Abincin ya fita a raina. Da na leƙa bayan wurin zan wanke hannu, ruwan wankin kwanukan ya yi baƙi, ɗanyen nama na kan katakon da ake yanka salak. Ya kwaso tsawar ya baro tsabtar.

A ƙasashen da aka ƙirƙiro waɗannan shirye-shirye ma an daina yi wa wannan hali tafi. Ma'aikatan manyan madafu a Faransa da Ingila da Amurka sun fito sun yi magana kan duka, zagi, cin zarafin mata da aikin awa goma sha. Faransawa ba su manta da Bernard Loiseau ba, mashahurin shef mai taurarin Michelin uku da ya kashe kansa a 2003 ana tsaka da raɗe-raɗin za a rage masa daraja. Gidan abincin Noma na birnin Kofanhegan, wanda aka zaɓa mafi kyau a duniya har sau biyar, ya daɗe yana dogaro da 'yan koyon da ba a biyan su. Sai a ƙarshen 2022 ya fara biya, kuma a Janairun 2023 mai shi, René Redzepi, ya sanar cewa za su daina hidimar yau da kullum, yana mai cewa tsarin ba zai ɗore ba. Gidan da mutane ke tsallaka teku don su ci abinci a cikinsa ke nan.

Mu dawo gida. Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta sa makon aiki awa 40. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000 a wata daga farkon 2024, wato kusan 1,400 a rana. Doka ta ce a yi wa ma'aikaci rajista a asusun inshorar ma'aikata, CNSS, don in ya ji rauni a bakin aiki ko ya tsufa ya samu abin kamawa. Je ka tambayi mai wanke-wanke a kowace rumfar abinci ko ta taɓa jin waɗannan. Yawancinsu 'yan mata ne da zawarawa da suka shigo daga ƙauye cin rani, da almajiran da ladansu ƙanzo ne da ragowar miya. Suna shiga da asuba su fita bayan isha'i, ba ranar hutu, in mai ya watso wa mutum a hannu a shafa masa gishiri ko ɗanyen ƙwai a ce ya ci gaba.

Masu gidajen abinci suna da amsa, kuma bai kamata a toshe kunne ba. Za su ce maka ribar ba ta kai a biya albashin doka ba, in aka tilasta musu sai dai su sallami rabin ma'aikata ko su rufe. Za su ce suna ciyar da su sau uku, wasu har da wurin kwana, in biki ko rashin lafiya ya taso su ake tunkara. Hajiya kanta ta aurar da 'yan mata da dama da suka yi aiki a wurinta, da gado da kwanuka. Wannan gaskiya ne, na shaida. Sai dai alheri na mai yi ne, in ya ga dama ya yi, in bai ga dama ba ya bari, kuma ba kowace uwar ɗaki ce Hajiya ba. Ko da albashin doka ya yi wa ƙaramar rumfa nauyi, akwai abin da ba ya cin ko dala: a faɗa wa mutum ladansa tun ranar farko, a biya shi a kan lokaci, a ba shi yini ɗaya a mako, a kai shi likita in ya ƙone, a daina zaginsa gaban baƙi. Manyan restoran da otal-otal masu sayar da faranti jikka uku ko biyar kuwa ba su da uzurin komai.

Riba da hasara ga mai ci da mai dafawa

Zalunci ne a ce shirye-shiryen nan ba su kawo alheri ba. Sun wanke wa sana'ar girki fuska, har namiji na iya cewa ita yake so ba a yi masa dariya a fada ba. Sun koya wa mutane cewa a raba wuƙar nama da ta kayan lambu, a rufe kai, a wanke hannu, abin da ma'aikatan tsabta suka shekara suna faɗa ba a ji ba. A garin da zawo da taifot ke kwantar da mutane, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sun kuma buɗe wa matan aure kasuwa daga cikin ɗaki: mace ta koyi gato da samosa da cincin a waya, ta ɗauki hoto ta sa a WhatsApp, ɗan kabu-kabu ya kai wa mai saye. Na san gidajen da wannan ke biyan kuɗin makarantar yara.

Hasarar ta fi ɓoyuwa. Akwai maigidan da ya kalli faranti a waya ya dawo yana yi wa matarsa gori, alhali kuɗin cefanen da ya bari ko kifi ɗaya ba zai saya ba. Akwai amaryar da ta iya abinci kala goma na Turawa da Larabawa, ta kasa kaɗa miyar kuka. Akwai yawan dunƙule da mai da mayonez, domin wanda ya ɗauki nauyin shiri kayansa yake so a zuba, daddawa kuwa ba ta da kamfanin da zai saya mata lokaci a tele. Abin takaicin shi ne a waje kayanmu ake nema. Pierre Thiam, ɗan Senegal da ke Amurka, ya gina suna da kasuwanci a kan acca. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa. Zogale da muke kwaɗawa da ƙuli ana sayar da garinsa a kantunan Turai da tsada. Mu da muke da alkakin Damagaram, da kilishi, da fura, da kayan lambun Mirriya da Gidimuni a bakin ƙofa, mun fi kowa abin nunawa. Gidajen tele da rediyon jihar nan za su iya ɗaukar kyamara su shiga bayan gidan biki, su zauna da dattijuwar nan mai auna hatsi tun tana raye, ta faɗi yadda ake jiƙa alkama a tsimar da ita kafin ta zama alkaki. Za a kalla, na tabbata.

To wanda ke son shiga fa?

Aikin yana nan, kuma ya wuce rumfar tasha: otal-otal, kantin ma'aikatu da sansanonin kamfanonin mai, abincin taron bita, girkin biki da suna da yanzu ake bayarwa kwangila, ɗaliban jami'a da ke neman abin da za su ci kullum. Masu manyan wuraren nan kan nemi takarda, don haka wanda ya samu hanyar cibiyoyin koyon sana'a, ko horon da asusun tallafa wa koyon sana'a, FAFPA, ke tallafawa, ko makarantar aikin otal a Yamai, kada ya raina. Ya kuma riƙe lissafi da Faransancinsa, domin shef rabin aikinsa da biro ne. Amma kafin uba ya sayar da tunkiya ya biya kuɗin horo, ya tura yaron madafa ta gaske wata uku, a cikin zafi, daga wurin wanke-wanke. A yi maganar lada da lokacin tashi da mai wurin tun farko, gaban shaida. In 'ya mace ce, a san wanda zai raka ta gida da dare.

Ɗan yayata yana wata na huɗu yanzu. A mako na biyu ya ce zai bari, mahaifiyarsa ta ce ya ƙarasa watan tukuna, daga nan bai sake tayar da maganar ba. An ɗaga shi daga kwanuka zuwa jajjage da yankan nama, kuma shi ke rubuta wa Hajiya cefane a wani ɗan littafi, abin da ba ta taɓa yi ba. Ya sa ta sayi katako na biyu don salak. Kakarsa har yanzu in an tambaye ta cewa take yana taya wata Hajiya lissafi a tasha. Ranar Juma'ar da ta wuce na biya ta wurin, na tarar Hajiya ta miƙa masa ludayi ta ce, "Ɗana, ɗanɗana mini miyar nan." Ya kurɓa, ya yi shiru, ya ce da sauran gishiri kaɗan. Ta karɓa ta ɗanɗana da kanta, sannan ta tura masa kwanon gishirin.